Zufar da ta bushe ita ke sanyaya jiki

A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a Tawa, Ƙonni da Madawa yakan haura digiri 40 kusan kullum, alhali jikin mutum mai lafiya a digiri 37 yake tsayawa. Iskar da ke waje ta fi jininka zafi ke nan. To, me ke hana mu dahuwa? Zufa ce. Amma ba kowace zufa ba, kuma a nan ne mu ma'aikatan likita muke ganin mutane suna cutar da kansu da ƴan'uwansu ba tare da sun sani ba.

Duk matar da ke girki ta san ruwa bai daɗewa kafin ya tafasa, amma kafin tukunya ta ƙafe ƙaf sai itace ya ci. Da zarar ruwa ya kai digiri 100, zafinsa ba ya ƙara hawa ko da an iza wuta iya izawa. Duk wutar da ake ƙarawa tana tafiya ne wajen mayar da ruwan tururi. Wani masani ɗan ƙasar Sikotilan, Joseph Black, ya gano haka wajejen 1761, ya kira shi ɓoyayyen zafi. Lita ɗaya ta ruwan rijiya mai digiri 30 tana buƙatar kalori (ma'aunin yawan zafi) dubu 70 ta tafasa. Ta koma tururi gaba ɗaya kuwa sai an ƙara mata dubu 540. Fiye da ninki 7 ke nan.

Ruwa kuma ba sai ya tafasa yake tashi ba. A inuwa ma yana bin iska, kuma duk ɗigon da zai tashi sai ya karɓi wannan zafi daga abin da yake kwance a kai. Ku dubi randar da aka girke kan yashi a gindin bedi: bayanta kullum a jiƙe, ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ramukan yumɓu, iska tana lashe shi, na ciki yana yin sanyi. Ɗora tafin hannu a jikinta da azahar, sannan ka taɓa jarkar roba da ke kusa, wadda ruwanta ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Fatar mutum aikin randar take yi. Lita guda ta zufa idan ta bushe a jiki tana tafiya da kusan kalori dubu 580. Da wannan zafi zai zauna a jikin mutum mai kilo 60, da ya ɗaga shi da fiye da digiri 10, kuma babu mai rayuwa a haka.

Zufar da ta tsiyaya ta ɗiga ƙasa kuwa, ko wadda aka share da rawani, asara ce: ruwan jiki ya fita, zafi na nan. Shi ya sa ƙarshen Mayu, lokacin da hadari ke haɗuwa iska ta cika da laima, ya fi tsakiyar Afrilu wahala ko da ma'auni bai nuna ƙari ba. Iskar ta riga ta ƙoshi, ba ta karɓar zufa. Haka ma rigar leda mai manne wa jiki, ko ɗakin kwano da aka rufe tagoginsa saboda ƙura. Tufa mai faɗi ta auduga, irin wadda kakanninmu na Adar ke sawa, tana barin iska ta ratsa.

Lebura mai kwaɓa siminti, ɗan ga-ruwa da ke tura kura, ko mai ɗiban albasa a Galmi zai iya zubar da lita ɗaya ta zufa cikin awa guda. In bai mayar da ita ba, jiki yakan fara tsimin ruwa, zufa ta ragu, zafi ya taru. Kada a jira ƙishirwa. A riƙa kurɓa a kai a kai, a kuma duba fitsari. In ya yi kaɗan, ya yi ja-ja, ruwa ya yi ƙasa. Wanda ya yini yana zufa ya sha kunu, fura ko ruwan gishiri da sukari na SRO, don gishiri ma yana bin zufa. Aiki mai nauyi a kai shi safiya da la'asar. Na san mai aikin yini zai ce wa zai biya shi kuɗin zama a inuwa, kuma da gaskiyarsa. Maganar tawa ta fi shafar masu ba da aikin.

Tsofaffi sun fi ba mu tsoro. Zufarsu kaɗan ce, ƙishirwa ba ta kama su da wuri. Ka miƙa wa tsohuwa moɗa ta ce, "Ɗana, ban ji ƙishi ba." Ka ce, "Inna, daure ki sha ko rabi," ka tsaya har ta sha. Jarirai kuma a rage musu hula da safa da bargo. Wanda bai kai wata 6 ba, ba a ba shi ruwa: a yawaita ba shi nono, uwar ta sha ruwa sosai.

Idan mutum ya fara surutai marasa kan gado, yana tangaɗi, jikinsa zau, ko ya faɗi a rana, zafin cikinsa yana iya haura digiri 40, kuma ƙwaƙwalwa da ƙoda ba sa jure wannan. Sau da yawa a gida sai a ce masassara ce, a lulluɓe shi, a ba shi farasitamol. Maganin ba ya sauke irin wannan zafi, lulluɓin kuma yana toshe hanyar da ta rage. A kai shi inuwa nan take, a cire kayan da suka yi yawa, a jiƙa shi tun daga kai har ƙafa, a dage da fifita da mafici, faifai ko kwali. In ya bushe a sake jiƙawa. Ruwan randa ya isa, kada a ɓata lokaci wajen neman ƙanƙara. Fifita kan busasshiyar fata cikin iska mai digiri 43 ƙara zafi take yi, don haka ruwa da iska tare suke tafiya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe.

Wannan ɓoyayyen zafi yana da wata fuskar da ke kawo mana masu ƙuna. Tururi idan ya sauka kan fata ya koma ruwa, yakan sauke duk zafin da ya ɗauko, shi ya sa ƙunar buɗe madambaci ko murfin lagireton mota ta fi ta tafasasshen ruwa muni. A zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai ko toka.

Shi kuwa wanda rana ta buge, ko ya farfaɗo a kai shi gidan likita (CSI) mafi kusa. A amalanke ne, a mota ko a adaidaita, a tafi da bidon ruwa, a bar tagogi a buɗe, mutum ɗaya ya zauna kusa da shi yana yayyafawa yana fifita har a iso ƙofar likita.