Sadarwa mara waya a tashoshin jiragen ruwa na kaya

Sadarwa mara waya a tashar jiragen ruwa ita ce amfani da rediyo wajen haɗa jirage, na'urorin ɗaga kaya, motoci da kwamfutar da ke tsara aikin tasha, domin a san inda kowace kwantena take da inda za a kai ta.

Tarihi

Jigilar kwantena ta zamani ta faro ne a watan Afrilun 1956, lokacin da jirgin Ideal X na ɗan kasuwar sufuri Malcom McLean ya tashi daga Newark zuwa Houston a Amurka ɗauke da kwantena 58. Shekaru da dama bayan haka, takarda da rediyon oba-oba ne ke tafiyar da aiki: ma'aikaci ya karanto lambar kwantena, wani ya rubuta. Lambar kuwa haruffa huɗu ce da alƙaluma bakwai, na ƙarshen na tantancewa ne, amma jin harafi guda ba daidai ba kan ɓatar da kwantena a cikin dubbai. A wajajen shekarun 1980 aka soma saka ƙananan allunan rediyo a ɗakin direba. Ba su da sauri, gajeren rubutu kawai suke ɗauka, amma saƙonsu na cin dogon zango. A 1993 tashar ECT Delta ta Rotterdam a ƙasar Holan ta fara aiki da motoci marasa direba. Wi-Fi ya bazu bayan 1999.

Tsakanin jirgi da tudu

Magana da murya na bin zangon rediyo na VHF, kuma layi na 16, mai megahaz 156.8 (megahaz ma'aunin zangon rediyo ne), na kira ne da neman agaji. Na'urar AIS tana watsa sunan jirgi, wurinsa, saurinsa da alƙiblarsa a kan megahaz 161.975 da 162.025. Yarjejeniyar SOLAS, ta kare rayuka a teku, ta wajabta ta ga jiragen ƙasa da ƙasa masu girman tan 300 zuwa sama.

Matsalar fili

A filin ajiya wahalar take. Jikin kwantena ƙarfe ne, tsayinta zuwa sama mita 2.59 ko 2.90, idan aka ɗora biyar kan juna an gina katangar kusan mita 13 zuwa 14.5. Katangar na tare saƙon rediyo, tana kuma maido da shi ta hanyoyi da yawa har ya birkice. Ga shi ba a wuri guda take ba: layin kwantenonin da ke da sadarwa da safe yana iya rasa ta da yamma bayan an sauke jirgi. Shi ya sa ake ɗora eriya a saman dogayen turakun fitila, ana kuma auna ƙarfin saƙo lokacin da fili ke cike maƙil. Motar da ke wucewa daga wata eriya zuwa wata kan yanke na ɗan lokaci, mota mara direba kuwa tsayawa take cak idan saƙo ya ɓace. Iskar teku mai gishiri tana cin mahaɗan waya da tsatsa.

Sauran amfani

Ana amfani da RFID, wato ƙananan alamomin shaida da ake karantawa ta rediyo, wajen gane motoci a ƙofa. Kwantenonin sanyi na aiko da ma'aunin zafinsu daga nesa.

An gwada 5G a tashar Hamburg ta Jamus daga 2018. Ana son sa ne saboda sarrafa na'urar ɗaga kaya daga ofis na buƙatar bidiyon kyamarori da yawa ba tare da jinkiri ba. Masana sun rabu kan ko ya cancanci kuɗinsa a ƙananan tashoshi.