Me ake nufi da ba tsohon magani sabon aiki?

Abin da ake nufi shi ne masu bincike su ɗauko maganin da ya daɗe a farmasi, su gwada shi a kan wata cuta dabam da wadda aka yi shi dominta. Ƙirƙiro sabon magani kan ci shekara 10 zuwa 15 da dukiya mai tarin yawa. Shi kuwa tsohon, an riga an san illolinsa da iyakar abin da jiki zai iya ɗauka, don haka hanya ta gajarta.

Zancen ya shafe mu. Zazzaɓin dengi, cikungunya da zazzaɓin shawara, waɗanda sauron Aedes ke yaɗawa, har yau ba su da maganin da ke kashe ƙwayar bairas ɗinsu kai tsaye. Sauron nan da rana yake cizo, a ruwan ajiya yake ƙwai, mu kuwa a Damagaram matsalar ruwa ta sa kowane gida da randa da jarkoki. A 2023 dengi ya kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso, maƙwabciyarmu.

An gwada magunguna da muka sani sarai. Kulorokin, wato Nivaquine da iyayenmu suka sha don zazzaɓin cizon sauro, ya hana bairas yaɗuwa a ɗakin gwaje-gwaje. Da aka ba masu cikungunya a tsibirin Reyuniyon a 2006, da masu dengi a Biyetnam, bai yi amfani ba. Ibamektin, wato Mectizan na makantar rafi, an gwada shi a Tailan. Wata alamar cutar ta ragu a jini, amma majinyata ba su fi saurin warkewa ba. A Burazil kuma an jarraba sofosbubir, maganin ciwon hanta nau'in C, a kan zazzaɓin shawara.

Sau da yawa yawan maganin da ke kashe bairas a cikin kwalba ya wuce abin da hanta da ƙoda za su jure. Shi ya sa hankalina ke tashi idan na ji ana yaɗa a WhatsApp cewa ƙwaya kaza tana maganin dengi, mutane su nufi mai tallar magani a kasuwar Dole. Wanda ake zaton dengi gare shi, farasitamol da yawan shan ruwa ake ba shi, a kai shi a auna jini. Asfirin da ibuprofen kuwa haɗari ne gare shi, domin suna ƙara zubar jini.