Abin da talaka yake bin ƙaramar hukumarsa bashi

Wata safiyar Litinin na raka goggona sakatariyar wata ƙaramar hukuma a nan jiharmu ta Gombe. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, autan cikinsu ɗan shekara uku yana fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ta ƙulle takardar magani a bakin mayafinta. Mun tarar da jama'a a gindin dogon yaro, tsofaffi da mata masu goyo, kowa da abin da ya kawo shi, kowa kuma mutum ɗaya yake jira, wato ciyaman. Har aka kira azahar bai shigo ba. A hanyar komawa ta ce da ni, "Ɗan nan, ashe haka ake shan rana kafin a samu alfarma?" Na ce, "Goggo, maganin yaron nan ba a ofishin ciyaman yake ba, mu ne muka ɓata ƙofa."

Tun ranar abin yake ci mini rai. Mafi yawanmu mun ɗauka taimakon ƙaramar hukuma shi ne 'yan kuɗin da shugaba zai zaro daga aljihu ya miƙa wa wanda ya dace da ganinsa. Abin da doka ta rubuta wa talaka ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba, sai dai yawancinsa aiki ne da za a yi masa, kuɗin hannu kaɗan ne a ciki.

Tushen maganar yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 7 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓun shugabanni, sannan Jadawali na Huɗu ya zayyana ayyukansu. Wanda ya karanta jadawalin da idon talaka zai ga kusan duk abin da ke cikinsa rayuwarsa ce ta yau da kullum: kasuwa da tashar mota da mahauta, magudanar ruwa da kwashe shara da bayan gida na jama'a, hanyoyin cikin gari da fitilun titi, maƙabarta, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Akwai layi guda da ba a cika ambatonsa ba, wanda ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu da kula da su. Duk tsohon da ka gani yana kwana a rumfar kasuwa ba shi da kowa, tsarin mulkin ƙasa ya riga ya faɗi wanda ya kamata ya nema masa makwanci. Kashi na biyu na jadawalin ya ƙara da cewa ƙaramar hukuma za ta sa hannu tare da gwamnatin jiha wajen ilimin firamare da yaƙi da jahilci da koyar da sana'a, da bunƙasa noma, da kiwon lafiya.

Kada mai karatu ya raina batun magudana da shara. Mai hali idan ruwa ya ci katangarsa zai sake gini kafin kaka. Mai ɗakin ƙasa a unguwar da kwari ya ratsa, kamar yadda muka saba gani a cikin garin Gombe duk damina, idan kwata ta toshe ruwa ya shiga, abin da ya tara a shekara goma ne yake tafiya a dare ɗaya. Yashe wannan kwata taimako ne ga talaka fiye da buhun shinkafar da za a raba ana ɗaukar hoto.

To, akwai dokar da ta ce ƙaramar hukuma ta riƙa biyan matalauci wani abu duk wata? Babu. Gara a faɗi wannan ƙarara. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 16 kuma ya yi maganar muhalli da abinci da kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Amma waɗannan suna cikin Babi na Biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika su kai tsaye. Manufa ce da ake son kaiwa gare ta. Saboda haka ɗan abin da sashen walwalar jama'a na sakatariya yake bayarwa idan gobara ta tashi ko an kwantar da mutum a asibiti, ya dogara ne da abin da aka ware a kasafin shekarar da kuma amincewar shugabanni. Neman sa ba laifi ba ne, ba kuma abin kunya ba ne, domin dukiyar jama'a ce. Sai dai a nema a rubuce, da shaidar mai unguwa, a miƙa wa sashen da abin ya shafa, ya fi zaman gindin bishiya amfani.

Inda talaka yake da ƙafar tsayawa sosai shi ne lafiya da makaranta, domin a nan akwai dokoki na musamman masu hukunci a ƙarshensu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda gwamnatin tarayya za ta zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta. Rabin kuɗin na biya wa marasa ƙarfi magani ne ta hanyar inshora, kashi 20 na sayen magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 na gyaran gine-gine da kayan aiki, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta zo ta fayyace su wane ne masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, da matalauta. A jiharmu hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato GoHealth, ce take yi wa irin waɗannan rajista, kuma ana bi ne ta cibiyar lafiya ta mazaɓa. Jihar Gombe tana da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114, kuma gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta bi tsarin gyara cibiya ɗaya a kowace mazaɓa. Ɗan goggona yana cikin rukunin da doka ta ambata tun ranar da aka haife shi. Ƙofar da ya kamata mu fara bugawa ita ce ta jami'in da ke kula da cibiyar mazaɓarmu da kwamitin raya mazaɓa, mu tambayi lokacin rajista. Gaskiya ne guraben ba sa isar kowa, kuɗin bai kai yawan mabuƙata ba, kuma wannan abin takaici ne. Amma wanda bai san da rajistar ba, ko layin ma ba zai shiga ba.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya kamata kowane magidanci ya haddace shi. Ya haramta wa duk wani asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mutumin da ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya ƙi, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, ko wanda aka kwaso daga haɗarin mota, a fara ceto ransa tukuna, maganar kuɗi ta biyo baya.

Makaranta ma haka ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta a wannan mataki ya yi laifi, ana iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku. Idan an koro yaro saboda wani kuɗi da aka laƙaba wa suna, ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne wurin kai ƙara. Dokar ba ta bar iyaye ba, ta ɗora musu nauyin kai yaro makaranta, kuma adalci ne a faɗi hakan.

Sai maganar da ta fi kowace jawo husuma a unguwanni, wato kuɗin tallafi. Mutane da dama suna zargin kansila ko mai unguwa da cinye musu, alhali kuɗin ba daga ƙaramar hukuma suke fitowa ba. Shirin gwamnatin tarayya ne. A zamanin Muhammadu Buhari ana ba gida naira 5,000 a wata, yawanci a haɗa na wata biyu a biya 10,000. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta sanar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, bayan cire tallafin man fetur. Hannun ƙaramar hukuma a ciki shi ne wurin tattara sunaye. Akwai rajistar matalauta ta ƙasa, kuma ƙa'idar shiga cikinta ita ce ma'aikata su zo gari, su zauna da maza daban, mata daban, matasa daban, mutanen gari su faɗi da bakinsu yadda suke gane talaka a wurinsu, su kuma lissafa gidajen da suka dace. Daga nan masu ƙidaya su bi gida-gida su cike bayanai. Ba fom ba ne da ake sayarwa, kuma duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya sa suna, damfara ce. Yanzu ana biya ne ta asusun banki ko na waya, ana kuma haɗa suna da lambar NIN, don haka tsohuwar da ba ta da wannan lamba tana iya kasancewa a rajista kuɗinta ya maƙale. A nan ne 'ya'ya da jikoki za su yi wa iyaye hidima ta gaske, su kai su a yi musu lambar, su tabbatar sunan da ke banki ya yi daidai da na katin, harafi da harafi. Haka rajistar haihuwa, wadda a aikace ma'aikatan hukumar ƙidaya ta ƙasa suke yi a cibiyoyin lafiya da sakatariya, kuma kyauta ce ga jariri. Takarda ce da ake raina ta ranar suna, a zo ana nemanta ruwa a jallo ranar shiga makaranta.

Duk wanda ya je da koke ya san amsar da aka saba bayarwa, ita ce babu kuɗi. Bari mu bi sawun kuɗin. Duk wata ana raba abin da ya shiga asusun tarayya: gwamnatin tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. A harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa kan kayan da aka saya, ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Kowace ɗaya, daga Nafada har Shongom, tana da nata kason da sunanta. Amma sashe na 162 na tsarin mulki ya ce kuɗin su fara sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru a faɗin ƙasar nan wannan asusu ne ya zama wurin da kuɗin suke ramewa kafin su isa. Wani yankan halal ne, domin daga nan ake biyan malaman firamare da ma'aikatan lafiya da 'yan fansho, kuma albashi kaɗai yana cinye babban kaso. Wani kuwa ba a iya bayaninsa.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamnoni ba su da hurumin riƙe su, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma ni ban ɗauka cewa saukar kuɗi kai tsaye kaɗai zai kai magani cibiyar Bajoga ko Talasse ba. Idan babu mai tambaya, kuɗin da a da suke ɓacewa a babban birnin jiha za su koma ɓacewa a sakatariya. Amfanin hukuncin a wurina shi ne ya rage wa shugaban ƙaramar hukuma mafaka. Wanda za a tambaya yanzu ɗan garinmu ne, mun san gidansu, muna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wurin jana'iza.

Tambayar ma tana da hanya. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, duk mai waya da intanet zai iya dubawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga ofishin gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba ofishin kwana bakwai ya amsa. Kasafin ƙaramar hukuma majalisar kansiloli ce take amincewa da shi, don haka kansilan mazaɓa ya san nawa aka ware wa sashen walwala, nawa aka ware wa yashe magudanai, ko kuwa ya kamata ya sani. Ƙungiyar matasan unguwa ko ta matan aure da ke adashi za ta iya gayyatarsa ƙofar mai unguwa bayan la'asar, a shimfiɗa masa tabarma cikin mutunci, a yi masa waɗannan tambayoyi.

Goggona dai ta samu shiga rajistar lafiya da aka sake buɗewa bayan wasu watanni, ita da autanta. Mai unguwarmu ne ya aiko yaro ya sanar da ita ranar da masu rajistar za su zo, ta tafi tun da sassafe da katinta da takardar haihuwar yaron a cikin leda. Wasiƙar neman tallafin jari da muka rubuta wa sashen walwala kuwa, kwafi biyu muka yi. Mun miƙa ɗaya, muka roƙi magatakarda ya buga wa ɗayar hatimi ya sa kwanan wata, muka dawo da ita gida. Tana nan a ƙasan akwatinta, kuma duk farkon wata ƙaninta yakan ɗauke ta ya je ya tambayi inda aka kwana.