Dan Allah iyaye, fom ɗin nan na jakar yaro kuɗi ne

Assalamu alaikum iyaye ƴan uwana mazauna Teksas, musamman sabbin zuwa. Aikina shi ne zagayawa gidaje kan allurar rigakafi da takardun asibiti na yara, amma duk shekara idan makaranta ta buɗe a watan Agusta sai na tsinci kaina ina bayani ɗaya a gida goma, shi ya sa na ce bari dai in rubuta kowa ya gani.

Satin da ya wuce na je gidan wata baiwar Allah, muna neman katin rigakafin ɗanta sai ta zazzage jakar makarantarsa, ga ɓurɓushin biskit ga fensir ya karye ga wata takarda a cukurkuɗe can ƙasa. Na warware, ashe fom ɗin makaranta ne da ake tambayar yawan kuɗin da iyali ke samu. Na ce Hajiya wannan fa? Ta ce "ai Malama a makarantarsu kowa kyauta yake cin abinci, me zan cike, kuma ni ba na son su san abin da maigidan yake samu". Ba ita kaɗai ba ce wallahi, kuma ban ga laifinta ba, don babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata cewa takardar nan ba ta tsaya kan abinci ba.

A nan Amurka ba gwamnatin tarayya ke ɗauke da makarantu ba, abin da take bayarwa kusan kashi ɗaya ne cikin goma. Sauran daga jiha yake fitowa da harajin gidaje da filaye na yankinku, kuma ko haya kike kina biya, yana cikin kuɗin hayar. Jiha tana da lissafin da take yi ta ce gundumar makarantu kaza ta cancanci kuɗi kaza, harajin yankin ya biya nasa kason, jiha ta cike gibin. To a cikin lissafin nan ba a ƙirga yara kai da kai kamar ana ƙirga awaki a kara. Kowane yaro da nauyinsa. Akwai kuɗin tushe na kowane ɗalibi, wanda tun 2019 yake dala 6,160 sai a 2025 aka ɗan taɓa shi ya koma 6,215, sannan a ɗora ƙari a kai gwargwadon buƙatar yaron. Yaron da yake koyon Turanci ana ƙara masa kashi 10 cikin ɗari, wato sama da dala ɗari shida kenan. Yaron gidan masu ƙaramin ƙarfi ana ƙara kashi 22.5 har zuwa 27.5, ya danganta da talaucin unguwar da yake zaune, kin ga wajen dala 1,400 zuwa 1,700 kenan a shekara a kan yaro ɗaya tak. Masu buƙata ta musamman su ma da nasu lissafin daban.

Da na lissafa wa Hajiyar nan ƴaƴanta uku sai ta yi shiru ta ce "au, wai dubbai na jefa cikin jaka?" Eh, kusan haka ne. Idan sunan yaro bai shiga tsarin ta wata hanyar ba, kamar gidan da ke karɓar tallafin abinci na SNAP, to fom ɗin nan ne kaɗai shaidar da makaranta take da ita. Kuma akwai ranar da ake ɗaukar bayanan rijistar ɗalibai gaba ɗaya don aika wa jiha, Juma'ar ƙarshe ta watan Oktoba, don haka wanda ya ce sai Disamba zai cike ya makara.

Sai takardar harshen gida, wadda ni ta fi ci min rai. Ranar da aka fara sa yaro makaranta ana tambaya wane yare ake yi a gida, sai ka ga uba ya rubuta Turanci alhali daga safe har dare Hausa ake zubawa a gidan, ko Zabarmanci ko Faransanci, wai kar a raina masa ɗa ko a kai shi ajin dakikai. Babu wani ajin dakikai. Gwaji ake yi wa yaron, in Turancinsa ya isa shikenan an wuce wurin, in bai isa ba a nemi izininka a ba shi taimako, kana da damar ka ce a'a. Amma in ka ɓoye, yaro zai zauna a aji yana gyaɗa kai kamar ƙadangare bai gane rabin abin da ake faɗa ba, makaranta kuma ba ta samu kuɗin ɗaukar malamin da zai kama masa ba. Kuma amsar farko ita ke bin fayil ɗinsa.

Na san tsoron da ke ƙasan maganar, na takardun zama ne. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a shari'ar da ta taso daga garin Tyler na nan Teksas, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda ba shi da takardu. A fom ɗin abinci ma akwai gurbin da mutum zai yi alama cewa ba shi da lambar soshiyal, wato Social Security, lambar shaidar da gwamnatin Amurka ke bayarwa. Abin da dai zan roƙa, a rubuta gaskiya, kar a rage albashi don a samu, ana zaɓar wasu a bincika.

Yanzu zuwan makaranta. Teksas ba ta biya don sunan yaro yana rijista, tana biya ne da matsakaicin waɗanda suka halarta kullum. In kin raba kuɗin tushen nan da kwanakin karatu wajen 180, duk ranar da yaro bai je ba kusan dala 35 ta tafi, alhali albashin malami da kuɗin wuta da man bas ba su ragu ba. Mu kuma mun iya tafiya gida biki a ƙara sati uku saboda tikiti ya fi araha a Satumba, ban ce kar a je ganin dangi ba amma a san abin da ake yi, balle akwai dokar da ta ce sai yaro ya halarci kashi 90 na kwanakin aji kafin a ba shi makin darasin. Wasu jihohin ba haka suke ba, a Mishigan rana biyu ake ƙirga, Larabar farko ta Oktoba ita ce kashi 90 sai wata a Fabrairu kashi 10, don haka kar ƴar uwarki ta can ta ce miki ai ba komai.

Ga inda dokar ta yi mana sauƙi kuma da yawa ba su sani ba. Ranar Sallah, ƙarama ko babba, hutun ibada ne da doka ta amince da shi, in kin rubuta wa ofis takarda ana lissafa yaron kamar ya zo. Haka ganin likita, in yaro ya fara zuwa aji kafin a tafi ko ya koma bayan an gama a ranar, kuma kin kawo takardar likita, ba a rubuta masa fashi. Shi ya sa kullum nake ce wa iyaye ku karɓi takardar kafin ku bar asibiti, kar a wuce gida cin tuwo a ce ai rana ta riga ta tafi.

Kuɗin nan ba aljihun yaronki yake shiga ba, asusun gunduma yake zuwa, kuma zaɓaɓɓun ƴan hukumar makarantu ne ke raba shi a zaman da kowa zai iya halarta ya yi tambaya. Hajiyar nan dai mun cike nata a kan teburin kicin, bai ɗauke mu minti goma ba, na ce gobe ta miƙa a ofis da hannunta kar ta sake ba yaron.