Sa ido kan ma'aikata: ina iyakarsa?

Me ake nufi da bibiyar aikin ma'aikaci?

Sanin abin da ya aikata a yini da ingancinsa. Ba baƙon abu ba ne a Kano. Mai Adaidaita Sahu da balas ɗin yamma yake auna direbansa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari kuwa, kafin a rufe shago sai ya ƙirga atamfofin da suka rage, ya gwada da cinikin da yaransa suka rubuta. Kayan aikin ne suka sauya: rajistar sa hannu ta koma na'urar dangwala yatsa, kyamara ta hau bango, maigida yana Dubai yana kallon shagonsa ta waya.

Waɗannan na'urori suna ƙara ƙwazo?

Suna rage makara da ɗauke-ɗauke, amma ba sa auna aiki. Mutum zai dangwala yatsa ƙarfe takwas, ya wuni kan kujera, fayil ɗaya bai motsa ba. Wani kuma a masana'antar Sharada ko Bompai, an ɗauke wuta awa huɗu, janareta ba mai, da yamma a ce bai cika adadi ba, a yanke masa albashi. Wannan yana min ciwo ƙwarai. Kafin ka auna mutum, fara duba ko ka ba shi abin aiki, kuma ka biya shi kan lokaci.

Doka ta yarda a bibiyi komai?

A'a. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa zanen yatsa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, don haka dole ma'aikaci ya san me ake tattarawa da dalili. Kwamfutar ofis ta ofis ce, amma WhatsApp ɗin wayarsa nasa ne. Kyamara a banɗaki ko ɗakin canza kaya cin mutunci ne. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ma ta hana binciken asirin mutane.

Ƙaramin mai shago fa, da ba shi da kuɗin na'ura?

Littafin ciniki ya wadatar, Alhaji. Ku zauna da yaranka ku yanke abin da ake so kowane mako, ku yi lissafi tare duk Alhamis, wanda ya yi ƙoƙari a ba shi ihisani a gaban 'yan uwansa.