Gidajen kogo na Santorini: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tun da muka yi mako guda a wani tsohon gidan kogo da aka gyara a ƙauyen Oia, wanda ake furtawa Iya, a tsibirin Santorini na ƙasar Girka, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini. Don Allah a karanta wannan kafin a sake tambaya.

Wai da gaske kogo ne?

Kogo ne. Talakawan ma'aikatan jirgin ruwa ne suka haƙa shi a cikin daskararriyar tokar dutse mai aman wuta, su kuwa masu jiragen suka gina manyan gidaje a sama. Girgizar ƙasa ta 1956 ta rushe ƙauyen, mutane suka watse, sai a shekarun 1970 hukumar yawon buɗe ido ta Girka ta soma gyara gidajen. Ɗakin talakan nan ne yanzu ake rububinsa.

Ana shan ruwan famfo?

A'a. Ruwan teku ne aka cire masa gishiri. Ku sayi na gora.

Biza fa?

Ta Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, har da Girka. A nema da wuri.

Zan iya tafiya da mahaifiyata mai ciwon gwiwa?

A nan zan tsaya, domin ita ce tambayar da ta fi damuna. Ba zan ce a'a kai tsaye ba, amma ku saurara. Gidajen a jikin gangaren dutse suke, wani a kan wani, kuma mota ba ta shiga lungunan. Namu sai ka sauka matakala fiye da sittin kafin ka taɓa ƙofa, matakalan ba tsayinsu ɗaya ba, wasu gefensu ba abin riƙewa. Duk fita sai ka sake hawansu, a cikin rana. Na ga wata dattijuwa zaune a tsakiyar hanya tana haki, jikarta na mata fifita da hula, har yau abin bai bar raina ba.

Sannan akwai danshi. Kogon dogo ne siriri, ƙofa da taga duk a gaba suke, ɗakin can ciki iska ba ta ratsa shi. Da sanyi mai daɗi lokacin zafi, gaskiya ne, amma tawul ɗin da na rataye da dare da safe na same shi a jiƙe. Mai asma ko sanyin ƙashi ya yi tunani.

To amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A ƙauyukan tsakiyar tsibirin, irin su Megalohori, akwai tsofaffin gidaje da aka gyara a shimfiɗaɗɗen wuri, wasu mota na isa kusa da ƙofa, sai dai ba lallai ku riƙa kallon teku daga gado ba. Idan Hajiya tana hawa bene hawa biyu ba tare da ta huta ba, wataƙila gidan da ke can sama kusa da hanya ya yi. Ku sa mai gidan ya ƙirga matakala ya faɗi lamba, ya turo bidiyo tun daga inda mota take tsayawa. In ya tsaya kame-kame, ku haƙura da gidan. Kada ku wahalar da uwa saboda hoto.

Idan gidan yana da wurin ninƙaya, na sirri ne?

Naku ne ku kaɗai, amma ba a rufe yake ba. Rufin wani shi ne barandar wani, kuma da faɗuwar rana jama'a na cika hanyoyin sama da wayoyi a hannu. 'Yan'uwana mata, ku nemi wanda yake cikin kogon. Masu yara kuma ku sa ido, yawanci babu shinge.

Me ya sa aka hana jefa takarda a masai?

Bututun sirara ne, suna toshewa. Ga kwando an ajiye. Ku tafi da butarku, kuma ku daina yi wa masu gida musu a kan wannan.

Ba za a yi girgizar ƙasa ba?

Ku kwantar da hankali. An yi ta jin motsin ƙasa a farkon 2025, har mutane da yawa suka bar tsibirin na ɗan lokaci, daga baya ta lafa, harkoki suka dawo. Abin da za ku fi gamuwa da shi iskar meltemi ce ta Yuli da Agusta, mai kaɗa kujeru a baranda, wani lokaci har ta hana ƙananan jiragen ruwa tashi. Ku bar rarar kwana ɗaya kafin jirgin samanku ya tashi daga Atens, babban birnin Girka.

Me za mu ci?

Kifi, da faba, wato wani dafaffen wake na tsibirin mai ruwan ɗorawa da ake markaɗawa, da wani soyayyen tumatir mai kama da ƙosai. Naman giros, mai kama da shawarma, da ake sayarwa a titi galibi alade ne, ku tambaya kafin ku miƙa hannu.