Kuzari a Cikin Ƙwayar Halitta

Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ko ta tsiro, tana buƙatar kuzari kafin ta girma ko ta rabu gida biyu. Abinci ba ya mata amfani sai ta farfasa shi, ta tara kuzarinsa cikin wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne kuɗin kashewarta.

Tushen kuzari

Kusan duk kuzarin daga rana yake. Ganyen geron da ake nomawa da damina a ƙasar Sakkwato yana haɗa ruwa da iskar kabon-dayoksaid cikin hasken rana ya samar da sukari. Sukarin yana taruwa a zangarniya ya zama sitaci, shi ne mai shan fura ke haɗiya.

Tarihin bincike

Wajajen shekarar 1780, Antoine Lavoisier na Faransa ya sa wata ƴar dabba mai kama da ɓera cikin akwatin da ƙanƙara ta kewaye, ya auna ruwan da ɗumin jikinta ya narkar. Da wannan ya nuna cewa numfashi ƙonewa ce a hankali, wuta ce marar harshe. Louis Pasteur ya yi imani cewa sai da ƙwaya mai rai sukari ke yin tsami, amma a 1897 Eduard Buchner na Jamus ya niƙa yis, wato ƙwaya mai rai da ke kumbura burodi, ya tace ruwansa, ruwan kuma ya ci gaba da sarrafa sukari. Karl Lohmann ya gano ATP a 1929. A 1937 Hans Krebs, wanda ya baro Jamus ya zauna a Ingila, ya bayyana zagayen da ake kira da sunansa, wato jerin matakan da ƙwaya ke bi wajen ƙarasa farfasa abinci. Bayanin Peter Mitchell na 1961 kan yadda ake ƙera ATP ya sha suka shekaru da yawa, har ya kai shi ga lambar Nobel a 1978.

Yadda aikin ke gudana

Ana fara raba gulukos, wani nau'in sukari, gida biyu a cikin ruwan ƙwaya, a samu ATP biyu kacal. Sauran aikin a mitokondiriya, wasu ƙananan sassa na cikin ƙwaya, ake yi da iskar oksijin, abin da ya rage ya fita ruwa da kabon-dayoksaid. Tsofaffin littattafai sun ce gulukos ɗaya na ba da ATP 38. Ƙiyasin baya-bayan nan 30 zuwa 32 ne.

In babu oksijin, a biyun nan ake tsayawa. Haka ƙwayoyin bakteriya ke mai da madarar da ta kwana a ƙwarya ta zama nono mai tsami, haka kuma yis ke kumbura ƙullin burodi. Jajayen ƙwayoyin jini ma ta wannan hanya suke rayuwa, domin ba su da mitokondiriya.

Lokacin azumi

Hanta ce ke fara sakin sukarin da ta ajiye, daga baya jiki ya ƙara dogara da kitse.